Yadda Kakakin Baba Ya Rasa Bakinsa

Nasiru, kai ka jawo wannan babin. Ranar da ka buɗe adakata kana neman takardar gida, ka ci karo da kakakin Baba naɗe cikin fata, gaɓa biyu da guntun ta uku, ka ce za ka kai shi Zariya a ƙera masa sabon baki. Na ce ka bari. Ka mayar da shi, amma na ga fuskarka. Na san abin da Goggonku Ladi ta gaya muku tun kuna ƙanana, wai na yaudari tsoho makaho na yanke masa kakaki na liƙa wa motar Bature. Allah ya jiƙanta, ba duka ta yi ƙarya ba, don ni na riƙe zarton. Sai dai ita ba ta nan ranar, ni ina nan, saboda haka ku ji sauran daga bakina.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki, ni kuma na ɗan haura talatin, ina aikin walda a garejin Oga Lamidi da ke bakin hanyar Bukuru. Jos ta wancan zamanin ta kuza ce, duk motar da ta shigo mana, in ba akori-kurar ɗaukar lebura ba ce, to ta wani Baturen haƙar kuza ce. Oga Lamidi Bayarbe ne mutumin Ogbomosho, gajere, ga faɗan tsiya, ga son sallah a kan lokaci. Ya ba ni ɗaki biyu a bayan garejin, kuma dokarsa ɗaya ce: ranar da ka bar aiki, ranar za ka bar ɗaki. A nan muke zaune ni da innarku Asabe, tana da cikinka wata shida, sai kuma Baba da na ɗauko daga Zariya a farkon daminar saboda yanar da ta rufe masa ido. Likita ya ce sai yanar ta nuna za a yi aiki, mu jira bayan kaka, kada mu yi nisa da asibiti.

Baba maƙerin fari ne, wato ba ya taɓa baƙin ƙarfe, tagulla da azurfa ne aikinsa, kuma a kakaki ya yi suna. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da na taso ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, wannan kunya ce, kowa ya sani. Amma abin da ke tsakaninmu ya wuce kunya. Ranar da zan bar Zariya ina ɗan shekara goma sha tara, da bakin nan nawa na ce masa ba zan ƙare rayuwata ina ƙera wa wasu abin busa ba, sana'ar ta mutu, duniya ta koma inji. Bai zage ni ba, bai tsine mini ba. Ya daina yi mini magana kai tsaye, shi ke nan. Da ya zo Jos ma haka muka zauna, ni a nan shi a can, tabarma ɗaya, in yana son wani abu sai ya juya wajen innarku.

"Asabe, ki gaya wa mijinki ƙofar nan tana shigo da sanyi."

Ita kuwa sai ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba, tana danne dariya. Abin yana ci mini rai ƙwarai, amma ni ma girman kai bai bar ni na durƙusa na ce ya yafe mini ba.

Wata Litinin aka kawo motar. 'Yar ƙarama ce, ja, kujera biyu, babu rufi sai tanti, ga dogon hanci, in ka zauna ciki gindinka na neman taɓa ƙasa. Mai ita wani Baturen kuza ne da ke zaune a unguwar Refil, lebura suna ce masa Mai Lofe don ba a ganinsa babu lofe a baki. Ya ce salansa ta ruɓe, a duba, ya tafi. Na shiga rami na duba, lalle ta ruɓe, tsatsa ta cinye ta, ga wata 'yar siririyar aba da ba ta kai rabin salansar motocin da muka saba ba. Mu a garejin abin da muka sani shi ne, motar babban mutum ba ta ƙara. In mota na ruri, to mai ita matsiyaci ne ko bakanikensa ragon banza ne. Sai na ce a raina bari in nuna wa Baturen nan aiki. Na cire 'yar abar na jefa cikin tarkace, na samo wata ƙatuwar salansa mai ɗakuna uku a ciki daga jikin wata babbar mota da ta yi hatsari, na yanka, na lanƙwasa, na haɗa. Da Dung ya tayar da inji, wallahi sai ka sa kunne kafin ka san yana aiki. Dung bakanikenmu ne, mutumin Birom, abokina na gaske duk da shi coci yake zuwa ni masallaci. Ya leƙo ya ce mini ko agogo albarka. Har Oga Lamidi ya saya mini goro.

Washegari Mai Lofe ya zo. Ya shiga ya murɗa makulli, ya taka, ya sake takawa. Na ga kunnensa ya yi ja. Ya fita da ita titi, ko minti biyar bai yi ba ya dawo, ya fito ya cire lofen daga baki, ya dube ni ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo:

"Ka kashe ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai lafiyarta lau, ga shi ba ta ko tari."

"Ba ta numfashi. Ba ta hawan tudu. Ina muryarta? Na saye ta don murya."

Ya buga ƙirjinsa da hannu, ya yi wani gurnani daga ciki don ya nuna mini. Da ba don halin da nake ciki ba da na yi dariya. Ya ce a mayar masa da tsohuwar. Na je tarkace, babu ita, ashe maƙeran kasuwa sun zo da sassafe sun kwashe. Na bi su da gudu har unguwar Gangare, na tarar an riga an farke ta, wani yana yanka mazurari da ɗan abin da tsatsa ta rage. Sabuwa kuwa sai an aika Ingila, jirgin ruwa ya kawo ta Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da ita, wata uku ke nan in an yi sa'a. Mai Lofe ya ce shi Asabar yake son motarsa, in ba haka ba zai janye duk motocin ma'aikatarsu daga garejin. Oga Lamidi ya raka shi har bakin titi yana ba da haƙuri, ya dawo ya manta shi ya saya mini goro.

"Haruna, motar nan ya zo da murya, ya tafi da murya. Asabar in bai yi magana ba, kai da matarka da babanka, ku kwashe kaya."

Ban yi gardama ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Baba. In muka bar ɗakin nan ba ni da inda zan ajiye shi a Jos, sai dai Zariya, kuma in ya koma Zariya ido ya tafi ke nan.

Laraba na cire ƙatuwar na sa miƙaƙƙen bututu kawai. Dung ya taka, sai ka ce injin niƙa ya haukace, kajin maƙwabta suka watse. Na gajarta, abin ya ƙaru. Na huda wani gwangwani na sa a tsakiya, ta koma zuza kamar an rufe zanzaro cikin kwano. Haka na yini ina yanka ina liƙawa, ina zagin motar, ina zagin Bature, ina zagin ƙasar da mutum zai biya kuɗi don a cika masa kunne. Duk wannan Baba na jin mu, don katangar kwano ce kawai tsakanin ramin da ɗakinsa. Alhamis da rana na shiga cin tuwo, hannuna duk baƙi. Baba ya gama nasa tsaf, ya wanke hannu, ya juya fuskarsa wajen innarku.

"Asabe, ki gaya wa mijinki wuyan abin nan ya yi gajere. Cikinsa kuma wayam yake, shi ya sa take haushi."

Innarku ba ta maimaita ba a ranar. Ta dube ni kawai, ta ɗaga gira, ta nuna mini ƙofa da haɓa. Na ajiye cokalin miya na ce, ina kallon ƙasa, ko Baba zai daure a kai shi wurin. Sai ya ce wa Asabe ta miƙo masa sandarsa.

Muka zaunar da shi kan benci bakin rami, na rufa masa bargo don ana yayyafin nan na Jos mai shiga ƙashi. Innarku ta tsaya gefe da cikinta, ita ce tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe. Ya ce a kawo masa duk bututun da muke da shi. Dung ya tara masa kusan goma. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ya riƙe da yatsa biyu, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya kai kunne, sannan ya kafa baki ya hura. Na ruwan famfo mai kauri ya ce bebe ne. Wani siriri ya ce mai tsiwa ne, zai yi ta ƙara babu nauyi. Ya zaɓi wani matsakaici da ni ko kallonsa ban yi ba, ya auna da hannu, ya ce a ƙara taƙi biyu a kan tsawon da na yi. Sannan ya ce a yi masa ciki, amma kada a tare hanya da ɗakuna, iska ta wuce kai tsaye, a dai huda bututun a inda cikin zai rufe, a cusa wani abu mai laushi da wuta ba ta ci a kewaye. Na huda na kawo masa, ya bi da yatsa.

"Asabe, ramukan nan sun yi girma, kuma ya jera su kamar sojoji. Ya yi ƙanana, ya karkata su."

Na sake wani. Abin cusawa kuwa innarku ce ta kawo shawara, soson ƙarfe na wanke tukunya. Dung ya hau keke ya zagaye kantuna ya kwaso duk wanda ya samu, har wani mai kanti ya tambaye shi ko biki za a yi. Na naɗe farantin ƙarfe na yi ciki, muka cusa, na rufe da walda. Ban taɓa aiki da natsuwa irin ta ranar ba, don na san kowane ɗinki sai yatsan Baba ya bi ta kansa.

Bayan an sauko daga Juma'a muka ɗaura. Dung ya tayar, sai ga wani gurnani mai nauyi daga ƙasa, irin wanda Mai Lofe ya yi da ƙirjinsa. Oga Lamidi ya fito daga ofis yana washe baki. Amma da Dung ya taka sosai, muryar ta hau, ta hau, sai ta yage a sama kamar an keta tsohon yadi. Baba ya girgiza kai. Ya ce laifin baki ne, an datse bututun a miƙe, murya tana fitowa ta faɗi, dole bakin ya buɗe a hankali yadda zai sake ta. Na ce wannan mai sauƙi ne, na ɗauki faranti da guduma. Sau biyu ina bugawa yana fitowa a karkace kamar kunnen jaki, muka gwada, gara ma babu shi. Buɗa baki shi ne ƙarshen abin da ake koya wa ɗan maƙerin kakaki, ni kuwa na gudu kafin a kai can. Baba ya shafa abin da na ƙera ya ajiye, ni dai na ji kunya ta rufe ni. Shi da kansa, da idonsa da ƙarfinsa, kwana huɗu yake yi a kan baki ɗaya, mu kuwa la'asar ta riga ta yi.

"Asabe, ɗauko mini abin nan da ke ƙarƙashin gado."

Ta kawo. Kakakinsa na ƙarshe ne, wanda ya ƙera kafin ido ya fara, ya ƙi sayarwa duk da an taya. Shi kaɗai ya ɗauko daga Zariya bayan tufafinsa, kuma kullum da hantsi sai ya kwance shi ya goge. Ya haɗa gaɓoɓin uku da lalube, ya sa Dung ya tallafe masa ƙarshen, ya miƙe tsaye ya cika ƙirji ya busa sau ɗaya. Murya ce da ke fita ta buɗe ba ta karye ba, har masu wucewa a titi suka tsaya. Ya zauna yana tari, da ya lafa ya zare gaɓa ta uku, ya auna daga baki da yatsunsa, ya karɓi ƙusa a hannun Dung ya ja layi.

"Ki ce masa ya yanka a nan."

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

"Ki ce masa na ji abin da nake son ji. Ba ni da numfashin na biyu."

To, a nan ne nake so ku tsaya ku fahimce ni. Ba wanda ya kama hannuna. Da na ƙi, da Baba bai iya yankawa da kansa ba, hannunsa rawa yake yi. Na tsaya da zarto, na dubi innarku da cikinta, na dubi idon Baba fari fat, na tuna hanyar Zariya. Na san abin da nake shirin lalatawa, na san ba za a sake yin irinsa ba, kuma na zaɓa. Na yanka ina hawaye, Dung ya kau da kai ya yi kamar yana neman sifana. Baba ya karɓi bakin ya ce dalmar da ya liƙe ɗinkin da ita ba za ta ɗauki zafin mota ba, a narkar da ita a ɗinke da tagulla. Na yi a hankali, na goge, na haɗa shi da ƙarshen bututun kafin magariba. Ba mu tayar ba, Baba ya ce a bar ƙarfe ya huce da kansa.

Asabar da hantsi Mai Lofe ya zo. Ya zagaya bayan motar, ya ga tagulla na walƙiya a ƙarƙashi, ya dube ni. Ya shiga ya murɗa. Ya taka kaɗan, ya saurara. Ya taka sosai, muryar ta hau har ƙarshe ba ta yage ba. Ya fita titi ya nufi tudun hanyar Bukuru, muna tsaye muna jin ta tana hawa, tana sauya murya, har ta yi nisa ba mu daina ji ba. Baba na kan benci, kansa a karkace, leɓensa na motsi. Da Baturen ya dawo, lofen ma ya mutu a bakinsa bai sani ba, sai dariya yake yi kamar yaro.

"Ta fi da. Wa ya yi wannan?"

Oga Lamidi ya yi wuf ya ce, "Garejina ne, sa. Mu haka muke aiki."

Ni kuwa na nuna benci. Mai Lofe ya cire hularsa ya je ya rusuna ya ce sannu da aiki, Baba. Baba ya amsa, ya ce a gaya masa a riƙa goge bakin da tsamiya, kada ya bar shi ya yi kore. Da motar ta tafi, Oga Lamidi ya koma ofis yana cewa dama shi ya san zan iya, maganar kwashe kaya kuma ba a sake tayar da ita ba. Na zo zan kama Baba in kai shi ɗaki, sai ya riƙe mini wuyan hannu. Innarku na nan tsaye, amma bai juya wajenta ba.

"Kai. Ɗinkin nan na jiya, na bi shi da yatsa sau uku ban ji inda ka fara ba. Wa ya koya maka?"

Na ce, "Kai ne, Baba. Ina zuga maka wuta ina kallo."

"Ashe kana kallo."

Abin da ya ce ke nan. Shekara goma sha uku rabon da ya ce mini kai. Na durƙusa a nan cikin baƙin mai na ce ya yafe mini maganar da na yi, ya ce in tashi kada in ɓata wando.

Bayan kaka aka yi aikin idon, na dama ya buɗe, na hagu bai yi ba. Da idon nan ɗaya ya ga ranar sunanka, Nasiru, da shi kuma ya ga motar wata safiya da Mai Lofe ya tsaya gaishe shi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce mini, wannan 'yar abar ce duk take wannan magana? Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kuma duk safiyar da motar ta wuce sai ya dakatar da hira har ta ɓace. Daga motar nan ne Turawa suka fara kawo mini nasu daga Bukuru da Barikin Ladi, kowa na son a ba tasa murya, Baba na kan benci yana ƙwanƙwasa bututu, har na buɗe shagon da ya ciyar da ku duka.

Goggonku Ladi ta zo da babbar sallah ta tarar da kakakin haka. Baba ya ce mata shi ya bayar, ta ce yana rufa mini asiri ne kawai. Shekara goma sha ɗaya ba ta taka gidana ba, kuma ko da muka shirya ba ta janye maganar ba. Ban ga laifinta ba, ita ce ta zauna da shi duk shekarun da na gudu, ta ga yadda ya ƙera shi. Har yau in na tuna busar nan guda ɗaya sai na ji zafi a raina, kuma da za a mayar da ni ranar, da na sake yankawa.

Saboda haka kada ka kai shi Zariya, kada kowa ya yi masa sabon baki. Ka kwance fatar ka ɗauki guntuwar gaɓar, ka duba kusa da inda aka yanke. Ranar zarton ya kauce mini da faɗin yatsa ɗaya, sai layin da kakanku ya ja da ƙusa ya rage a jiki. Idona ya daina ganinsa yanzu, amma jiya ma na sa yatsa na ji shi.